Kati Mai Arha, Asibiti Mai Bin Bashi: Yadda Inshorar Lafiya Ta Kasance a Ghana

A watan Agustan 2003 majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar da ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka fi sani da NHIS. Ba a yi ta cikin ruwan sanyi ba. 'Yan jam'iyyar NDC, waɗanda ke adawa a lokacin, sun fice daga zauren majalisa, ƙungiyar ƙwadago kuma ta tayar da jijiyar wuya saboda za a taɓa kuɗin fanshon ma'aikata. Duk da haka Shugaba John Kufuor ya sa hannu, kuma zuwa 2005 mai riƙe da kati ya fara shiga asibiti a duba shi, a ba shi magani, ya fita bai sa hannu a aljihu ba. Ghana na cikin ƙasashen farko a Afirka kudu da Sahara da suka gwada irin wannan a faɗin ƙasa, har da manomi da 'yar kasuwa da ɗan dako, ba ma'aikacin gwamnati kaɗai ba.

Shekara sama da 20 ke nan, kuma har yau ba a yin zaɓe a Ghana ba a kai ruwa rana a kan wannan kati ba. Ƙasar ta yi nasarar saukar da kuɗin shiga inshora har ya zama ba a bakin komai yake ba, amma kukan tsadar jinya bai ƙare ba. Tsadar ta bar teburin rajista ta koma tagar karɓar magani, kuma abin da ya mayar da ita can shi ne jinkirin da gwamnati ke yi wajen biyan asibitoci haƙƙinsu.

Kafin zuwan kati

Bayan samun 'yancin kai a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta ɗauki nauyin jinya a asibitocin gwamnati daga kuɗin haraji. Da tattalin arziki ya durƙushe a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, sai kyautar ta zama ta suna kawai: ga asibiti, ga likita, babu magani, babu auduga. A 1983 gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta rungumi shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, a 1985 ta ɗora kuɗi mai nauyi a kan ganin likita, a 1992 kuma aka kammala tsarin da mutanen Ghana suka laƙaba wa “cash and carry”. Ka biya a duba ka, ka biya a ba ka magani.

A yi wa tsarin adalci, ya dawo da magani cikin asibiti, domin kuɗin da aka karɓa da shi ake sake sayo wani. Amma binciken da aka yi a yankunan Ashanti da Volta bayan ƙarin kuɗin 1985 ya nuna zuwa asibiti ya ragu ƙwarai, a karkara kuma ya daɗe bai farfaɗo ba. Waɗanda suka rayu a wancan zamanin ba su buƙatar alƙaluma kafin su tuna. An kawo mara lafiya yana kwance a kan benci, ɗan'uwansa yana kai-komo tsakanin tagar biyan kuɗi da ɗakin likita da rasit a hannu: na kati daban, na gwajin jini daban, na ƙarin ruwa daban, har safar hannun da za a taɓa shi da ita. Mace ta haihu lafiya amma ba za ta koma gida ba sai dangi sun haɗo kuɗin sallama, ita da jaririn suna nan a gefen ɗaki ana ƙirga musu kwanaki. Wanda ya san haka za ta faru sai ya zauna a gida, ya aika kemis a sayo masa rabin abin da ya kamata ya sha, ba zai nufi asibiti ba sai ciwo ya ci jiki.

A takarda akwai waɗanda aka yafe wa biya, irin su ƙananan yara da tsofaffi da masu awon ciki. Sai dai gwamnati ba ta mayar wa asibitoci kuɗin da suka kashe a kansu a kan lokaci, don haka asibitocin suka riƙa kawar da kai daga yafiyar. A riƙe wannan, domin ita ce cutar da ta sake bayyana bayan zuwan kati.

Jama'a ba su zauna jiran gwamnati ba. A 1992 asibitin cocin Katolika da ke Nkoranza ya fara wani shiri inda mutanen gari ke zuba kuɗi kaɗan a shekara, wanda aka kwantar a asibitin sai asusun ya biya masa. Irin waɗannan ƙananan asusu suka yaɗu a gundumomi da dama. Da zaɓen 2000 ya zo, Kufuor da jam'iyyarsa ta NPP suka yi alƙawarin binne tsarin biya-kafin-magani, suka ci zaɓe, suka gina sabon shirin a kan wannan tushe: kowace gunduma da asusunta, har suka kai 145, ga hukuma ta ƙasa a samansu.

Wa ke biya?

Nan ne Ghana ta yi dabarar da ta bambanta ta da maƙwabtanta. Ta gane cewa a ƙasar da yawancin mutane ba su da albashin wata, ba za a gina inshora a kan cire kuɗi daga albashi kaɗai ba. Sai ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki da ayyukan da ake saye, ta raɗa masa suna harajin inshorar lafiya. Sunan yana da muhimmanci. A watan Mayun 1995, bayan gwamnatin Rawlings ta kawo harajin VAT, an yi zanga-zangar Kume Preko a Akra, an rasa rayuka, har aka janye harajin, bai dawo ba sai 1998. Ƙarin haraji a Ghana ba abin wasa ba ne. Amma da aka ce wannan na lafiya ne, kuma asusunsa daban, mutane suka haƙura.

Hanya ta biyu ita ce kashi 2.5 daga abin da ake tara wa ma'aikata a asusun fansho na SSNIT. Wannan ce ta fusata 'yan ƙwadago, har sai da aka ba su tabbacin cewa fanshonsu ba zai ragu ba, kuma su ba za su sake biyan kuɗin shekara ba. Hanya ta uku ita ce kuɗin da mai zaman kansa ke biya da hannu duk shekara. An yanka shi tsakanin sidi 72,000 zuwa 480,000 a tsohon kuɗi, wato sidi 7.20 zuwa 48 bayan sauya kuɗin ƙasar a 2007, gwargwadon ƙarfin mutum. A aikace, tunda babu mai iya auna ƙarfin mai sayar da gasasshiyar ayaba ko mai gyaran babur, gundumomi da yawa sun yanka kuɗi ɗaya ga kowa.

Idan aka haɗa lissafi, harajin saye shi ke kawo kusan kashi 70 na kuɗin asusun, na fansho ya biyo baya, abin da mutane ke biya da hannu kuwa bai kai kashi 5 ba. Wato sunan shirin inshora, amma a gaskiya haraji ne ke ɗauke da shi. Ban ga aibu a nan ba, ina ma ganin shi ne ya sa shirin ya rayu. Najeriya ta ƙaddamar da nata shirin a shekarar 2005 ita ma, ta jingina shi da albashi, ya daɗe bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya da na manyan kamfanoni ba, har sai da aka sake doka a watan Mayun 2022 aka wajabta shi a kan kowa.

An kuma yafe wa mutane da yawa kuɗin shekara: yaro ƙasa da shekara 18, wanda da farko sai iyayensa sun yi rajista kafin daga baya a cire sharaɗin, da tsoho mai shekara 70 zuwa sama, da 'yan fansho, da matalauta. A watan Yulin 2008 aka ƙara mata masu juna biyu, da tallafin Birtaniya: awo, haihuwa, tiyata idan ta kama, duk kyauta. Kusan kashi biyu cikin uku na masu kati ba su biyan kuɗin shekara.

Maganar matalauta ce ta fi ba ni takaici a cikin tsarin farko. Ƙa'idar 2004 ta ce kafin a kira mutum matalauci sai ya kasance ba shi da wata sana'a da ake gani, ba shi da tsayayyen wurin kwana, ba ya zaune da wani mai aiki, kuma babu mai taimaka masa a kai a kai. Wanda ya san zaman zango a Nima ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo a Kumasi, ko zaman ƙauyukan arewacin ƙasar, ya san wannan ma'auni ba zai kama kowa ba. Tsohuwar da mijinta ya rasu ba a barinta ta kwana a titi, ana ba ta ɗaki a gidan ƙaninta ko na ɗan 'yarta, ko da gidan sau ɗaya ake ɗora tukunya a rana. Zumuncin da ya rufa mata asiri shi ne ya fitar da ita daga jerin waɗanda za a yafe wa. A shekarun farko waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa 'yan ƙalilan ne. Sai da aka fara haɗa rajistar da shirin tallafin kuɗi na LEAP, wanda ya soma a 2008, sannan ƙofar ta ɗan buɗe.

Duk da haka mutane sun yi tururuwa zuwa asibiti. Alƙaluman hukumar sun nuna zuwan masu kati ganin likita ya tashi daga kimanin 600,000 a 2005 zuwa kusan miliyan 17 a 2010. Haihuwa a asibiti ta ƙaru. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, hawan jini, ciwon suga, yawancin abin da ke kai talaka asibiti yana cikin jerin abin da katin ke biya, hukumar ma na cewa ya ƙunshi kashi 95 na cututtukan da aka saba gani a ƙasar. Baƙi daga wasu ƙasashe suka riƙa zuwa Akra koyon yadda aka yi.

Rigimar alƙaluma

A watan Maris na 2011 ƙungiyar Oxfam, tare da wasu ƙungiyoyin Ghana, ta fitar da rahoton da ya girgiza wannan suna. Hukumar inshora tana cewa sama da kashi 60 na 'yan ƙasa suna cikin shirin. Rahoton ya ce mai yiwuwa ba su wuce kashi 18 ba, domin hukumar tana ƙirga duk wanda ya taɓa yin rajista tun farko, har da wanda katinsa ya daɗe da mutuwa da wanda ya yi rajista sau biyu. Ya ƙara da cewa kashi 64 na mafi wadata suna da rajista, a cikin mafi talauci kuwa kashi 29 ne kawai. Hujjarsa mafi zafi ita ce: kowa na biyan harajin lafiya duk lokacin da ya sayi sabulu ko katin waya, amma mai kati ne kaɗai ke cin moriya, don haka talakan da ya kasa yin rajista yana tallafa wa jinyar wanda ya fi shi. Shawararsa ita ce a soke kati da kuɗin shekara, a bar kowa ya shiga asibiti da harajin da ya riga ya biya.

Hukumar ta musanta da kakkausar murya. Amma daga baya ta sauya yadda take ƙirga, ta koma lissafin masu kati mai rai kaɗai, sai adadin 2010 ya sauko zuwa kimanin kashi 34. Bai kai ƙarancin da Oxfam ta faɗa ba, amma ya yi nisa da abin da ake ta shela da shi.

Masu kare shirin suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce kati shi ne ke ba mara lafiya haƙƙin da zai iya tsayawa a kai, shi ne kuma ke sa kuɗi ya bi mara lafiya zuwa asibitin da ya duba shi, ko na gwamnati ne ko na mishan ko na kuɗi. Kyautar zamanin da ba ta da wannan, shi ya sa ta mutu a tsaye. Sun kuma nuna cewa yankunan arewa masu fama da talauci, kamar wajen Wa da Bolgatanga, sun fi birnin Akra yawan masu kati idan aka auna da yawan jama'a. A ganina kowane ɓangare ya kama wani gefen gaskiya, amma tambayar Oxfam ta fi nauyi: idan kuɗin shekara bai kai kashi 5 na asusun ba, me ya sa za a bar shi ya zama katangar da ke hana miliyoyi shiga?

Amsar ita ce ba kuɗin kaɗai ne katangar ba. Katin yana mutuwa duk shekara. Sabunta shi a wancan lokacin yana nufin a tafi ofishin gunduma da asuba a bi layi, wani lokaci a wuni na'ura ba ta aiki a ce a dawo gobe. 'Yar dakon da ta zo daga arewa tana ɗaukar kaya a ka a kasuwar Kejetia ko Makola, wunin da ta yi a layi wuni ne da ba ta samu na abinci ba. Mai lafiya kuma yakan ce bara na biya ban yi ko ciwon kai ba, bana me zai kai ni? Sai ciwo ya zo ya garzaya, a ce masa sabon shiga sai ya jira wata guda kafin katin ya fara aiki. A zaɓen 2008 jam'iyyar NDC ta yi alƙawarin mayar da kuɗin na biya-sau-ɗaya har abada. John Atta Mills ya ci zaɓe, aka yi ta lissafi, ba a aiwatar ba. Abin da ya kawo sauƙi na gaske ya zo ne a watan Disambar 2018, lokacin da aka ba mutane damar sabunta kati ta waya, su danna *929# su biya daga asusun kuɗi na wayarsu. Daga nan adadin ya hau, har masu kati mai rai suka haura rabin al'ummar da ƙidayar 2021 ta ce ta kai miliyan 30.8.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Domin a gane matsalar sai an bi sawun kuɗin. Hukumar tara haraji ta karɓa daga 'yan kasuwa. Ma'aikatar kuɗi ta tura wa asusun inshora. Asibiti ya duba mara lafiya, ya ba shi magani daga abin da ya ciyo bashi wurin dillalan magunguna, ya tattara takardun wata ya aika wa hukumar inshora. Hukumar ta tantance ta biya. Asibitin ya biya dillali, dillali ya sake kawo kaya. Dokar 2012, wadda ta haɗe asusun gundumomi ya zama ɗaya, ta ce ministan kuɗi ya zuba harajin a asusun cikin kwana 30 da karɓarsa. Gwamnatocin NDC da na NPP duka sun sha saɓa wannan.

Idan kuɗi ya yi jinkiri a sama, ƙasa ce ke jin jiki. An sha kai wa inda asibitoci ke bin hukumar bashin watanni masu yawa. Ƙungiyar asibitocin mishan ta CHAG, wadda ke riƙe da jinya a ƙauyuka da dama inda na gwamnati bai kai ba, ta sha yin barazanar daina karɓar katin. Da Nana Akufo-Addo ya hau mulki a 2017, gwamnatinsa ta ce ta gaji bashin sidi biliyan 1.2.

Ga yadda wannan bashi yake a idon mara lafiya. Dattijo mai hawan jini ya zo da katinsa mai rai. An karɓa, an auna shi, likita ya rubuta magani iri uku. Ya kai takardar taga, mai ba da magani ya duba ya miƙo masa iri ɗaya, mafi arha, ya yi wa sauran biyun alama da biro ya ce, “Baba, waɗannan babu su, sai dai a saya a waje.” Kemis ɗin yana tsallaken titi, kuma can ba a san kati ba. Ko kuma a ce akwai maganin, amma sai ya cika wani abu a kai, domin farashin da hukumar ta yanka ya gaza abin da asibitin ya sayo shi. Hukumar ta sha nanata cewa wannan ciko haramun ne, ta ce a kai ƙara. Amma dattijon da zai dawo wurin nan wata mai zuwa, kuma babu wani asibiti kusa, ba zai kai ƙarar kowa ba. Zai biya idan yana da shi, idan babu ya sha ɗayan ya bar biyun.

Ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Binciken da hukumar ta riƙa yi a asibitoci ya bankaɗo masu aika takardun marasa lafiyar da ba su zo ba, da masu rubuta magani mai tsada su ba da mai arha. Kuɗin da ake kashewa ya riƙa gudu fiye da wanda ke shigowa. Don a taka masa birki, a watan Janairun 2012 aka fara gwada wani salo a yankin Ashanti: kowane mai kati ya zaɓi asibiti ɗaya, a riƙa ba asibitin ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kai duk wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Asibitoci suka ce kuɗin ya yi kaɗan, jama'a suka ce an ɗaure su a wuri ɗaya. Ashanti kuma cibiyar NPP ce, gwamnati ta NDC, sai mutanen yankin suka ɗauka da gangan aka zaɓe su. NPP na dawowa mulki a 2017 ta dakatar da shi.

A wannan shekarar ce kuma aka yi abin da nake ganin ya fi komai cutar da shirin. Majalisa ta yi dokar da ta sa iyaka ga duk asusun da aka keɓe wa haraji na musamman, ta ce jimillarsu kada ta wuce kashi 25 na harajin ƙasa, abin da ya haura ya koma baitulmali. Hujjar ma'aikatar kuɗi ita ce keɓe-keɓen sun ɗaure mata hannu, bayan albashi da kuɗin ruwan bashi babu abin da ke saura. Ana iya fahimtar matsin da take ciki. Amma an karɓi wannan haraji ne da sunan lafiya, da wannan sunan mutane suka yarda da shi, kuma yana nan a rubuce a jikin rasit. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekara da shekaru abin da ke isa asusun ya riƙa gaza abin da aka tara da sunansa, alhali asibitoci na jiran biya.

Mutanen Nijar sun san irin wannan. Tun 2006 aka ce jinyar yara ƙasa da shekara 5 kyauta ce, haka ma tiyatar haihuwa, gwamnati za ta mayar wa asibitoci kuɗinsu. Bashin ya taru, magani ya yi ƙaranci, iyaye suka koma saye a waje.

A 2022 tattalin arzikin Ghana ya shiga mawuyacin hali. Sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a watan Disamba, ƙasar ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, a watan Mayun 2023 ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni. Yawancin magunguna da kayan haɗa su daga waje ake shigo da su da dala. Asibitin da aka biya yau kuɗin maganin da ya bayar watanni da suka wuce, a kan farashin da aka yanka tun kafin nan, ba zai iya mayar da abin da ya fita daga kantarsa ba. Mai kati ne ya cike giɓin.

Wankin ƙoda

Akwai kuma cututtukan da tun farko katin bai ɗauka ba: yawancin nau'o'in sankara ban da ta mama da ta bakin mahaifa, dashen gaɓoɓi, manyan tiyatar zuciya da ƙwaƙwalwa, da wankin ƙoda ga wanda ƙodarsa ta daina aiki. Su ne kuwa ke cinye gida da gona. A watan Satumbar 2023 aka ga sanarwa a asibitin koyarwa na Korle Bu cewa wankin ƙoda sau ɗaya ya tashi daga sidi 380 zuwa 765.42. A shekarar mafi ƙarancin ladan aikin yini sidi 14.88 ne. Wato wanki ɗaya ya haura ladan kwana 50, ga shi ana son mara lafiya ya yi sau biyu ko uku a mako. Ƙasar ta ɗauki zafi, aka janye ƙarin da hujjar cewa majalisa ba ta amince da shi ba, amma ya fito fili cewa sashen na cikin bashi kuma ya yi watanni a rufe ga masu zuwa daga gida.

Da yake 2024 shekarar zaɓe ce, martanin bai yi jinkiri ba. A watan Yuni hukumar inshora ta fara biya wa yara da waɗanda suka haura shekara 60, a farkon Disamba, kwanaki kaɗan kafin a kaɗa ƙuri'a, aka ce kyauta ne ga duk mai kati a asibitocin da aka zaɓa. Na yi murna da wannan don na san abin da yake nufi ga iyalan da ke sayar da kadara duk wata. Amma nauyi ne babba aka ƙara wa asusun da bai gama biyan kuɗin maganin zazzaɓi ba.

John Mahama ya dawo mulki a watan Janairun 2025. A kasafin kuɗin da ministan kuɗinsa Cassiel Ato Forson ya gabatar a watan Maris, an cire harajin lafiya daga ƙarƙashin iyakar 2017, aka ware wa shirin kusan sidi biliyan 10. Jam'iyyar da ta fice daga majalisa ranar da aka haifi shirin ita ce ta kwance shi, wadda ta haife shi kuma ita ce ta sa masa iyakar. Wannan ya nuna cewa babu jam'iyyar da ke iya rabuwa da katin a yanzu, gardamar ta koma kan yadda za a ciyar da shi.

A shekarar dai aka kafa wani asusu na daban, wanda ake kira MahamaCares, domin manyan cututtukan da ba a ɗauka daga wani, irin su sankara da ciwon ƙoda da na zuciya, kuma dokarsa ta ba shi kashi 20 na kuɗin asusun inshora. Masu goyon baya sun ce yanzu da aka cire iyaka kuɗin zai ishi duka biyun, kuma bai dace a bar mai ciwon ƙoda ya mutu don cutarsa ta yi tsada ba. Masu suka, ciki har da 'yan adawa a majalisa, sun ce an buɗe ƙofa ɗaya an sake huda wata, kuma kafin a ɗebi kashi ɗaya cikin biyar a kai manyan asibitocin Akra da Kumasi da Tamale, kamata ya yi a tabbatar ƙaramin asibitin ƙauye ba ya bin ko sisi. Gwamnatin ta kuma yi alƙawarin jinya kyauta a matakin farko ga kowa, da kati ko babu, abin da ya yi kusa da shawarar Oxfam da hukumar ta yi fatali da ita a 2011. Duka ukun, tsohon kati da sabon asusu da jinyar matakin farko, daga harajin nan na kashi 2.5 ake sa ran za su ci.